Kwamiti ya dawo min da fom saboda ɓeraye sittin

Ɗan Nima:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Yau raina a ɓace yake, shi ya sa na kawo kukana nan. Digiri na biyu nake yi, aikina a kan sassaƙen maɗaci ne, wanda tsofaffinmu ke jiƙawa su sha. Ina so in gani ko da gaske yana sauke sukarin jini. Kafin a taɓa ɓera ko ɗaya, sai kwamitin kula da dabbobin bincike na makaranta ya sa hannu. Na cika fom, na nemi ɓeraye 60. Mako shida ina jira, jiya sai ga fom ya dawo da tambayoyi shafi biyu. Me ya sa 60? Wa ya koya maka ɗura wa ɓera magani? Wace alama za ka gani ka tsayar da gwajin? Wa zai duba su Asabar da Lahadi? Inda na rubuta cewa a ƙarshe zan kashe su cikin kwalba da sinadarin sumarwa na kulorofom kuwa, jan biro aka ja a kai. Kuɗin tallafina saura wata biyar su ƙare. Mutane na kwana a benci a asibiti don babu gado, mu kuma muna zaman kwamiti a kan ɓera? Ɓeran da a gidanmu guba muke sa masa?

Maman Iman:
Wa alaikumus salam. Sannu ƙanena, Allah ya ba ka haƙuri. Ni da ɓera ba ma ga maciji, buhun garin masarata biyu suka huda a shago a Mamobi, nan Akra. In da ni ce kwamitin, ɗari zan ba ka. Wace makaranta ce ma?

Mai kula da zaure:
Don Allah kada a kama sunan makaranta ko na malami. A tsaya a kan maganar.

Baba Mahauci:
Ɗana, jikata ce ke rubuta min, ni nake faɗa. Na fi shekara talatin ina zuwa Tulaku sayen shanu, hannuna bai bushe da jini ba, don haka ba tsoron yanka ne zai sa in yi magana ba. Ubangidana da ya koya min fawa, ranar da ya ga ina wasa wuƙa a gaban saniya, ya karɓe wuƙar, kwana bakwai bai bar ni na taɓa dabba ba. Ya ce a ba ta ruwa, a kwantar da ita a hankali, kada 'yar'uwarta ta gani. Sai daga baya na gane har ga nama abin yana da amfani. Bijimin da aka jibga, aka ja shi a rana, ya galabaita kafin yanka, namansa baƙi yake fitowa, kuma ba ya daɗewa yake lalacewa. Mai saye ma yana ganewa. To in wahala tana canza nama, ta yaya ba za ta canza jinin da kake aunawa ba? Kuma ɓeran shagon Maman Iman da ƙafarsa ya zo sata. Naka kai ka saye shi, ka kulle.

Malamin Islamiyya:
Baba ya riga ni. Gaskiya ne ɓera yana cikin dabbobi biyar da hadisi ya halatta kashewa saboda ɓarnarsu, tare da kunama da hankaka da shirwa da kare mai cizo. Amma izinin kisa daban, izinin azabtarwa daban. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, in za ku kashe ku kyautata kisan, in za ku yanka ku kyautata yankan, mutum ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. Matar da ta shiga wuta saboda kyanwa kuwa, laifinta kullewa ne: ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Duk abin da ka sa a keji, cinsa da shansa sun hau wuyanka. Tambayar nan ta Asabar da Lahadi, ni ban ga baƙon abu a cikinta ba.

Ɗan Nima:
Malam, Baba, na ji. Amma ni ban yi niyyar azabtar da komai ba. Magani nake nema wa mutane. Mahaifiyata ma ciwon sukarin ke gare ta.

Anti mai ɗakin dabbobi:
Ƙanena, babu wanda ke shiga ɗakin nan da niyyar mugunta. Shekara goma sha ɗaya ina aikin kula da ɓerayen bincike, kuma kusan duk wahalar da na ga dabba ta sha, daga hannun mai kyakkyawar niyya ta zo, wanda ba a koya masa ba ko wanda yake sauri.

Bari in fara da kaina. Farkon zuwana aka miƙo min allurar ɗure, wannan mai lanƙwasa da ɗan dunƙule a baki, aka ce in ba ɓeraye magani. Sau ɗaya na ga an yi. Na kama na uku, ya yi motsi, na danna. Maganin bai bi hanyar ciki ba, huhu ya tafi. Kumfa ta fito masa ta hanci, yana buɗe baki yana neman iska a tafin hannuna, ni kuma ban san abin yi ba. Ya ɗauki mintoci kafin ya mutu. Har yau in na ga sabon ɗalibi ya ɗauki allurar nan sai gabana ya faɗi. Shi ya sa suke tambayar wa ya koya maka.

Yanzu aikinka. Za ka yi musu allurar da ke lalata ƙwayoyin da ke samar da insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, don su kamu da ciwon sukari, ko aloksan ko sitireptozotosin. Daren farko sukarinsu kan faɗi warwas, in ba a sa musu ruwan sukari a kwalba ba da safe ka tarar da gawa. Bayan nan sai ƙishi. Ɓera mai ciwon sukari yana shan ruwa ninkin ba ninkin na mai lafiya, yana fitsari haka nan. Kwalbar da ke kai wa lafiyayye kwana biyu, shi kafin gari ya waye ta ƙare. Garin katakon da ke ƙarƙashinsa ya jiƙe sharkaf, warin ya riƙa yaji a ido. In ka tafi Juma'a da yamma sai Litinin, me kake zaton za ka tarar?

Na taɓa ganin amsar a wani wuri da na yi aiki, lokacin dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki a Gana, na 2015. Hutu ya haɗu da ƙarshen mako, wuta ta ɗauke, janareta babu mai, ɗakin ba taga. Ɗalibin ya ɗauka mai shara zai duba, mai shara ya ɗauka ɗalibin zai zo. Da na buɗe ƙofa, zafin da ya buge ni kamar na gidan burodi. Keji huɗu babu mai motsi. Sauran sun taru a bakin kwalaben da babu ko ɗigo, gashi a tsaye, jan abu ya bushe musu a gefen ido da hanci. Mutane kan ɗauka jini ne, alhali wani ruwa ne da ɓera ke fitarwa in ya shiga matsi. Yaron ya zauna a ƙasa yana kuka, aikin wata huɗu ya tafi. Fom ɗinsa kuwa yana da sa hannu da hatimi.

Maman Iman:
Innalillahi. Anti, wallahi jikina ya yi sanyi. Na janye ɗarin da na ce.

Likitan Dabbobi:
Na gode Anti. Ɗan Nima, bari in ɗauki tambayoyin ta inda suka fito, don ba wani ne ya zauna ya ƙirƙiro su don ya wahalar da kai ba. A 1959 wasu masana biyu a Ingila, William Russell da Rex Burch, suka kawo ƙa'idoji uku da yau kusan duk duniya ake bi. In akwai hanyar da ba ta buƙatar dabba, a bi ta. In dole ne, a yi da adadi mafi ƙanƙanta da zai ba da amsa sahihiya. Waɗanda aka yi da su kuma a rage musu wahala iyakar iyawa. Fom ɗinka kaf a kan ukun nan aka gina shi.

Maganar 60. Ina zaton rukuni shida ka yi, goma-goma: lafiyayyu, masu ciwo da ba a ba komai, masu shan maganin asibiti irin metformin, sai uku masu shan maɗaci a ma'auni daban-daban. Goman daga ina ta fito? Yawanci daga aikin wanda ya gabace ka, shi ma daga na gabansa. Akwai lissafin da ake yi, a duba girman bambancin da ake sa ran gani da yadda sakamako ke warwatsuwa, sai adadi ya fito. Wani lokaci ya ragu, wani lokaci ya ƙaru. Kwamiti nagari yakan ce wa mutum ɓerayenka sun yi kaɗan, domin gwajin da ba zai iya ba da amsa ba asarar rai ne gaba ɗaya.

Kulorofom kuwa an daina yarda da shi. Dabba tana fafutuka a cikinsa kafin ta suma, kuma kai mai shaƙa yana taɓa maka hanta. Ana amfani da maganin sa barci mai yawa, wanda zai kai ta ba tare da ta farka ba, kuma wanda aka horar ne ke yi. Alamar tsayarwa ita ce ka rubuta tun kafin ka fara: in ɓera ya zubar da kashi 20 cikin 100 na nauyinsa, ko ya daina ci, ko ya kasa tashi, za a hutar da shi, ba za a jira ya mutu da kansa ba. Tun 2010 masu bincike a Jami'ar McGill ta Kanada suka nuna ana karanta ciwo a fuskar ɓera, ta runtse ido da yanayin kunne da gashin baki.

Kuma Baba ya faɗi gaskiyar da ke cikin littattafanmu. Ɓeran da aka damƙa da ƙarfi, ya tsorata, sukarin jininsa hawa yake yi nan take. Kai kuma sukarin kake aunawa.

Hajiya mai sassaƙe:
Dakta, tambaya gare ni. Ni maganin gargajiya nake haɗawa a unguwar Madina ta Akra, na gada wurin mahaifina. Lokacin da na nemi rajistar hukumar abinci da magunguna, an ce sai an gwada maganin, na kai shi cibiyar binciken magungunan itatuwa da ke Mampong. Ashe ɓeraye ake ba?

Likitan Dabbobi:
Hajiya, gwajin guba na maganin da za a sha galibi a kan ɓeraye ake yinsa. Cibiyar Mampong tun 1975 take aikin magungunan gargajiya. Nan ma an samu sauyi. Tsohuwar hanyar da aka fara a 1927 ita ce a ɗura wa dabbobi da yawa har a gano ma'aunin da ke kashe rabinsu. A 2002 ƙungiyar haɗin kan tattalin arzikin ƙasashe ta OECD ta soke wannan daga ƙa'idojinta, aka koma hanyoyin da ake farawa da dabbobi ƙalilan, ana dubawa kafin a ƙara.

Hajiya mai sassaƙe:
Allah sarki. Shekara nawa ina alfahari da takardar nan a bangon shago, ban taɓa tunanin wasu bayin Allah sun ɗanɗana kafin masu sayena ba.

Malama mai koyar da kimiyya:
Ni dai ku yi haƙuri, ban gamsu da inda maganar ta nufa ba. Kowa na ta gyara yadda za a yi, babu mai tambayar ko ya kamata a yi. Muna aji biyu aka kawo kwaɗi cikin bokiti, kowane rukuni ɗaya, aka ce a soka allura a ƙeya a lalata ƙwaƙwalwa, a buɗe ƙirji a kalli zuciya tana bugawa. Na wani rukuni bai mutu daidai ba, yana shure-shure a kan allo. Me muka koya da ba ya cikin littafi shekara ɗari? Bincike aƙalla yana neman abin da ba a sani ba. Koyarwa maimaita abin da aka sani ne, kowace shekara da sabbin rayuka. Hukumar jami'o'in Indiya ta hana feɗe dabbobi a darussan ilimin dabbobi tun 2014, suna amfani da kwamfuta da gumakan roba. Amurka ma a ƙarshen 2022 ta cire sharaɗin dole na gwada sabon magani a kan dabba kafin mutum. Tsorona shi ne kwamiti ya zama abin wanke zuciya kawai, a sa hannu kowa ya ji daɗi.

Yaya Nas:
Malama, a kan kwaɗin aji ina bayanki ɗari bisa ɗari. Amma kar mu haɗa su duka a kwando ɗaya. Duk wanda ke zauren nan da ya taɓa tafiya Hajji ko wata ƙasa yana da katin nan ruwan ɗorawa na rigakafin shawara. Asalin rigakafin daga ƙasar nan tamu Gana yake. A 1927 aka ɗebi jinin wani mutum mai suna Asibi a Kpeve, yana fama da zazzaɓin, aka sa wa biri, daga nan aka kama ƙwayar cutar. Ita wani masani, Max Theiler, ya yi ta rainonta har ta yi rauni ta zama rigakafi a 1937, ya samu kyautar Nobel a 1951. Asibi ya warke. Har gobe a ƙwan kaza ake haɗa allurar. Shi kansa masanin nan ɗan Japan Hideyo Noguchi, wanda cibiyar bincike ta Jami'ar Gana a Legon da aka buɗe a 1979 ke ɗauke da sunansa, a nan Akra shawarar ta kashe shi a 1928 yana kan wannan aiki. Maganin saran maciji da muke nema ido rufe a asibitocin arewa lokacin damina, daga jinin doki ake samo shi. Ni na riƙe yaron da kububuwa ta sara, jini na fita ta dasashinsa. Ba zan iya cewa a daina ba. Abin da zan ce, wanda ya ci moriyar dabba haka, bashi ne a kansa.

Malama mai koyar da kimiyya:
Yaya, na yarda da tarihin. Birai nawa suka mutu a shekarun nan ba mai tambaya, shi ma tarihi ne. Ni dai a fara da aji: duk darasin da bidiyo zai iya koyarwa, kada kwamiti ya ba da dabba.

Ɗan Zango a Landan:
Ina karatu a nan, kuma tsarinsu da tsauri. Dokarsu ta farko tun 1876 ce, wadda ake bi yanzu ta 1986. Lasisi uku ake nema: na wurin, na aikin, da na mutumin da zai taɓa dabbar, kuma sai ka yi horo ka ci jarrabawa. Masu duba na gwamnati kan shigo ba sanarwa. Amma in faɗi abin da ke raina, a gida da yawa ba don dabbar suke neman sa hannun ba. Mujallun kimiyya ba sa buga aiki sai da lambar amincewar kwamiti, to lambar ake bi. Na san wanda ya gama gwajinsa tsaf sannan ya je neman ta.

Anti mai ɗakin dabbobi:
Ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Yaron da na ba ku labari ai yana da lamba. Abin da ba shi da shi, wanda zai sauko daga ofis ya buɗe ƙofar ɗakin. A shekarun da na yi, masu karanta fom na gani da yawa, masu zuwa su ɗaga keji su shinshina kaɗan ne. Mu masu wanke kejin mu muka san wane ɗalibi ne ke zuwa da asuba, wane ne sai ranar auna jini. Amma in na ga ba daidai ba, wa zan gaya wa? Mai aikin farfesa ne, ni ƙaramar ma'aikaciya. In babu hanyar da zan kai ƙara ba tare da na rasa abincina ba, shiru zan yi, kuma na sha yin shirun. Yana damuna.

Likitan Dabbobi:
Shi ya sa yadda aka haɗa kwamitin ya fi fom ɗin muhimmanci. Amurka ta yi dokarta a 1966, bayan jaridu sun fallasa yadda ake satar karnukan mutane ana sayar wa ɗakunan bincike. Gyaran 1985 ne ya wajabta kwamiti a kowace cibiya, da likitan dabbobi a ciki, da mutum ɗaya wanda ba ya cin albashin wurin, kuma su zagaya ɗakunan duk wata shida. Suna da ikon tsayar da aiki ana tsakiyar yi. Dokar tasu ma da giɓi, don ta cire ɓerayen da aka haifa domin bincike, sai ƙa'idar masu ba da tallafin gwamnati ce ta rufe wurin. A nan Gana, manyan jami'o'i irin Legon da KNUST ta Kumasi suna da kwamitocinsu, kuma sashe na 303 na dokar laifuka ta 1960 ya haramta zaluntar dabba. Ni abin da nake so in gani ko'ina shi ne ziyarar bazata, da lambar waya a manne a ƙofar ɗakin dabbobi wadda mai shara ma zai iya kira, da kujerar mutumin waje da ba a bar ta fanko ba.

Ɗan Nima kuma yana da gaskiya a wuri ɗaya, kada mu danne masa. Mako shida kafin a ce maka gyara ya yi yawa ga mai tallafin wata biyar. Jinkiri irin wannan ne ke tura ɗalibai su fara a ɓoye. Kwamiti ya sa ranar zama sananniya, ya ba da horon kafin a cika fom.

Baba Mahauci:
Dakta, wannan kujera ta mutumin waje, sai mai digiri? Don in ta ganin dabba ce a gane tana jin jiki, ba na buƙatar a karanta min.

Likitan Dabbobi:
Baba, ba a neman digiri. An fi so ma ya zama ba masanin kimiyya ba, don ya yi tambayar da mu muka saba har muka daina yi.

Malamin Islamiyya:
To ya kamata shugabannin zango su san da wannan. 'Ya'yanmu na shiga fannonin nan yanzu da yawa.

Ɗan Nima:
Na dawo. Jiya ban yi barci sosai ba, labarin Anti ya tsaya min. Da safe na je wurin wani malamin lissafi da sakamakon wani aiki makamancin nawa, muka zauna awa biyu. Ya fito shida a kowane rukuni, 36 ke nan, da ƙarin 6 saboda ba duka allurar ke kamawa ba. Malamin da ke duba aikina ya yarda da 42, kuɗin abincinsu ma ya ragu. Na cire kulorofom. Har yanzu ina jin zafin mako shidan nan, kuma zan rubuta musu a kai cikin ladabi. Inda na maƙale shi ne jadawalin dubawa, don gwajin kwana 28 ne kuma Sallar Layya za ta faɗo a tsakiya. Ban yi niyyar in rubuta sunan wani don cika layi kawai ba.

Anti mai ɗakin dabbobi:
Ranar Salla ka je da asuba kafin idi, ka cika kwalabe, ka canza garin katako, ka auna waɗanda suka rame. Da yamma ka nemi abokin karatunka Kirista ya leƙa, kai kuma ka karɓe shi ranar Kirsimeti. Ka rubuta sunayenku biyu da lambobinku a jikin kowane keji. Maganar ɗure kuma kada ka fara a kan masu ciwo. Ka nemi mai kula da ɗakinku ya tsaya a kanka, ka koyi kamun tukuna, kwana uku kana ɗaukarsu kana ajiyewa ba allura, har su daina guje wa hannunka.

Malama mai koyar da kimiyya:
Ɗan Nima, kafin ka mayar da fom ɗin, akwai layin da ke tambayar ko ka nemi hanyar da ba dabba. Ka gwada sassaƙen a kwalbar gwaji tukuna, a kan sinadaran da ke narkar da sitaci? In bai nuna komai a can ba, 42 ɗin ma sun yi yawa.

Ɗan Nima:
Malama, ban yi ba. Dakta, gwajin nan kwana nawa yake ɗauka, kuma ana samun kayansa a nan Akra?